Alhamis ɗin Barista Isiyaku a Gonar Kurugu

Da wannan kakar gyaɗar Barista Isiyaku ya cika shekara tara da rasuwa. Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa, domin zuciyata ta ƙi yarda. A wurina kamar bara muka raka shi makwancinsa a Ƙaraye, muka dawo gida.

Abokina ne tun ƙuruciya. Ni ɗan Rogo Sabon Gari ne, shi ɗan Yola ta Ƙaraye, makarantar allon mahaifinsa ce ta haɗa mu. Boko ya ɗauke shi ya kai shi har ya zama lauya mai ofishin kansa a Kano. Ni kuwa na ƙare a malamin firamare, na yi ritaya ban taɓa tsayawa gaban alƙali ba, Allah kuma ya ci gaba da tsare ni. Saboda haka lauyoyin da za su karanta wannan su yi haƙuri, ban san Isiya na kotu ba. Wanda na sani shi ne na ranar Alhamis.

Kowace Alhamis da hantsi motarsa za ta gangaro ta hanyar Kurugu, inda yake da 'yar gonar da ya gada. Zai ajiye ta nesa da gindin ɗorawar da muke zama, ya kashe wayarsa, ya jefa ta cikin aljihun mota, ya kulle. Ni kuma na riga na iso a kan babur da tabarma da buta. Mutanen ƙauye sun ɗauka son noma ke kawo shi. Ina noman yake? Mutumin da idan ya yi kunya ɗaya sai an bi bayansa an gyara. Ba gona ya zo ba, ofis ya baro, kuma da gangan ya baro shi.

Dalilin kuwa tsoro ne, kuma shi da bakinsa ya faɗa mini. Maigidan da ya koyi aiki a hannunsa gwani ne na gaske, amma komai na ofis a kansa yake. Shi ke ganin masu shari'a, shi ke raba aiki, ko hutun akawu sai ya sa baki. Ƙananan lauyoyinsa sun iya doka, sun iya magana a kotu, amma babu wanda aka taɓa bari ya yanke shawara. Da mutumin ya rasu, ba a daɗe ba aka sa wa ƙofar kwaɗo, yaran suka watse. Isiya ya ce ya taɓa leƙawa ta taga bayan wani lokaci, ya ga gara ta hau fayilolin mutane har saman kabad.

"Hamisu," in ji shi, "na ga yadda ofis yake mutuwa da mai shi. Ba na so nawa ya bi ni kabari."

Maganin da ya samo daga gida ya ɗauko shi. Mahaifinsa kan tafi gona ya bar makaranta a hannun ɗaya daga manyan ɗalibansa, kuma in ya dawo ba ya warware abin da ɗalibin ya ƙulla a gaban sauran. Haka Isiya ya tsara. Duk Laraba da yamma zai miƙa makullin ofis ga ɗaya daga cikin ƙananan lauyoyinsa, bi da bi, har wanda ya zo jiya-jiya. Ranar Alhamis mai makulli shi ne maigida. Shi zai ce wane ya tafi wannan kotun, wance ta tafi waccan, shi zai saurari mai ƙorafi, shi zai raba rigimar akawu da direba. Abin da ya yanke ya yanku.

Faɗin wannan yana da sauƙi. Ni da nake zaune kusa da shi na san abin da yake ci masa. Hannunsa ba ya rabuwa da aljihun da babu waya a ciki. Muna tsakiyar hira sai ya ce yanzu kam an kira shari'ar wane. Sai ya miƙe ya ɗauki fartanya ya dinga saran ƙasa inda babu ciyawa ko ɗaya. Nakan tsokane shi in ce ya tausaya wa gyaɗar, ba ita ta kai shi ƙara ba. Zai yi dariya ya dawo ya zauna, can kuma idonsa ya sake komawa kan motar. Sai bayan azahar jikinsa ke saki. Ya kishingiɗa, ya dubi gajimare na wucewa ta tsakanin ganyen ɗorawa, ya soma ba ni labarin yadda ofishin zai kasance bayan ba shi, da sunayen waɗanda za su zauna a kowace kujera, kamar mai ba da labarin garin da ya taɓa zuwa.

Akwai Alhamis ɗaya da ba na mantawa. Makullin yana hannun wata yarinya, Barista Saratu, wadda ba ta daɗe da fara aiki ba. Muna cin dafaffiyar gyaɗa sai ga wata ƙatuwar mota ta keto gonar maƙwabci. Alhaji Mamuda ne, mai motocin dakon kaya, wanda rabin aikin ofishin Isiya nasa ne. Ko sallamar kirki bai yi ba. Ashe shari'u biyu ne suka haɗu rana ɗaya a kotuna daban-daban. Saratu ta tura babban lauyan ofis wajen neman belin wani mutum, ta tura sabon shiga wajen shari'ar Alhaji, aka ɗage ta zuwa wani lokaci mai nisa, motarsa da ke tsare ta ci gaba da zama a tsare. Shi kuwa a bakin direbansa ya ji labarin.

"Barista, ni za a yi wa haka?" in ji Alhaji. "Ka bar ni a hannun yarinyar da na haifi wadda ta girme ta? Ga waya, kira ta yanzu ka ce ta gyara, ko kuwa gobe in aiko a kwashe mini takarduna."

Na dubi Isiya, na ga gumi na bin wuyansa. Ya gaishe da Alhaji a nutse, ya tambayi iyali, ya matsa masa a kan tabarma, ya tura masa kwanon gyaɗa. Sannan ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, Allah ya huci zuciyarka. Amma yau ni manomi ne. Mai ofis tana Kano, kuma abin da ta yanke shi ne na yanke."

Alhaji bai zauna ba. Da ƙurar motarsa ta kwanta, na ce da Isiya to yarinyar ta yi daidai ke nan? Ya girgiza kai. Ya ce rabon aikin bai ga laifinsa ba, amma ya kamata tun da safe ta kira Alhaji ta gaya masa da bakinta, kada ya ji a bakin direbansa. Da shi ne, da ya san yadda zai lallashe shi. Na ce to me ya hana ka karɓi wayar? Ya ce in ya karɓa, daga ranar babu wanda zai sake ɗaukar makullin nan da gaske, ita ma ba za ta sake ba. Rannan bai kishingiɗa ba. Ya yi ta saran ƙasa har la'asar, ni kuma ban tsokane shi ba, don na ga abin ya yi masa ciwo.

Alhaji ya kwashe takardunsa kamar yadda ya ce, bai kuma dawo ba. Ofishin ya ji jiki a shekarar, har sai da Isiya ya haƙura da ƙarin ɗakin da ya so ya kama. Daga baya Saratu ta gaya mini cewa washegari ta shiga wurinsa tana jiran faɗa, sai ya yi mata tambaya ɗaya kawai: in ranar ta dawo, wa za ta fara kira? Da zagayen ya sake zuwa kanta, ya miƙa mata makullin kamar ba a yi komai ba.

Yanzu nakan zauna a gindin ɗorawar nan ni kaɗai, domin iyalinsa sun bar kula da gonar a hannuna. Idan rana ta take, iska ta lafa, gyangyaɗi ya soma ɗibata, sai in ji kamar ƙarar motarsa daga nesa. In gan shi ya fito da hularsa a karkace, yana kakkaɓe riga, yana tambayata labarin duniya. Nakan yi ta shirya abin da zan gaya masa. Zan ce masa sabis ya ƙara ƙarfi a Kurugu, yanzu ko a tsakiyar dawa waya na samun mutum, maɓoyarsa ta tashi. Zan ce masa ɗan ƙanena da ya zama lauya ya nuna mini takardar shaidar da aka ba shi bayan wani taron bita a otal, wai an koya musu shugabanci da tafiyar da ofis. Na san zai karɓi takardar ya duba ta da kyau, ya yaba, domin shi ba mai raina ilimi ba ne, kuma ya sha cewa makarantar lauyoyi ta koya musu komai ban da yadda ake riƙe mutane. Amma na san zai ɗago ya tambayi yaron ko maigidansa ya taɓa fita ya bar masa makulli. Na yi masa tambayar a madadinsa. Yaron ya ce ko fayil ba ya ɗauka sai Oga ya ce.

Ina ganin abin da zai fi ba shi mamaki shi ne yadda wayar da ta sauƙaƙa aiki ta hana manya barin wuri. Maigida yana Abuja ko yana Makka, amma hannunsa na cikin ofis, kowane motsi sai an aika masa saƙo. Su kuma yaran sun samu inda za su fake, ba wanda zai ɗauki nauyin kuskure tunda ana iya tambaya. Ban san yadda Isiya zai yi da wannan zamanin ba. Wataƙila zai nemi gona can bayan Rogo, inda sabis bai kai ba tukuna.

Rashin lafiyar da ta ɗauke shi gajeriya ce. A zaman makoki na ji mutane na raɗa cewa ofis kam ya tafi, tunda mai shi ya tafi. Ni ma na ji tsoro, tsoron nan nasa ne ya dawo kaina. Na yi watanni ina kauce wa unguwar duk lokacin da na shiga Kano, don ba na so in ga kwaɗo a ƙofar. Ranar da na daure na je, na tarar da ƙofa a buɗe, mutane zaune a kan benci suna jira, akawu na amsa waya. Ba a yi rigimar wa zai gaje shi ba. Kowannensu ya riga ya ɗanɗana kujerar ya san nauyinta, sai suka zauna suka ce Saratu ta riƙe. Na tsaya a bakin ƙofa na yi kuka, tsofai-tsofai da ni.

Amma tsoron bai gama sakina ba. Nakan ce a raina, to ita fa? Wanda ya sha wahala kafin ya samu kujera ba kasafai yake son tashi daga kanta ba. In ta riƙe komai a hannunta, to ofishin kwana kawai ya ƙara.

A cikin watan nan ana cirar gyaɗa, ran wata Alhamis, ina gindin ɗorawa na ji ƙarar mota. Na ɗauka mafarkin nan nawa ne, har na ƙi buɗe ido. Sai na ji sallama. Barista Saratu ce da mijinta, ta zama babbar mace, har da 'yar furfura a gefen ɗankwali. Motar can nesa suka ajiye ta. Muka gaisa, ta tambayi jiki da iyali da aikin gona, muka yi wa mamaci addu'a. Na ce lafiya, yau ba aiki? Ta ce akwai, shari'a ma babba, amma jiya da yamma ta miƙa makulli ga wani yaro da bai cika shekara biyu a ofis ba. A gida, in ji ta, ta kasa haƙuri, kullum sai ta kira, shi ya sa ta ce a kawo ta nan.

Muka zauna. Maigidanta na ta hira da ni a kan farashin taki, ita kuwa hannunta na laluben jaka, ta tuna wayar na cikin mota, ta janye. Idonta na kan motar. Can ta miƙe ta shiga cikin kunyoyi tana tsintar gyaɗa inda an riga an tsince.

Mutane kan tambayi abin da mamaci ya bari. Isiya bai bar dukiyar a zo a gani ba, kuma shari'un da ya ci ban san ko ɗaya ba. Abin da na san ya bari shi ne wannan rashin sukunin da na gani a jikin matar nan, da kuma ƙin tashi ta je ta buɗe motar.

Ta dawo ta zauna a bakin tabarma tana kakkaɓe hannu. "Baba Malam," ta ce, "don Allah, shi ma Oga haka yake ji in ya zo nan?"

Na ce, "Ya fi ki, 'yata. Zauna ki ci gyaɗa, bayan azahar yake saki."

Allah ya jiƙan Isiya, ya haskaka makwancinsa. Har muka yi la'asar ba ta taɓa motar ba.