Bin Sawun Maburgin Turawa, daga Romi zuwa Kakau

Romi

Tun gari bai waye ba na fita, addu'ar safe ma a tsaitsaye na yi ta. Rifkatu 'yata za ta iso daga Ingila da yamma. Bara ta aiko min da maburgin Turawa, wata 'yar sanda mai batir da ke tayar da kumfar madara a kan kofi, kuma kullum a waya ina ce mata da shi nake karyawa. Ni da kunun gyaɗa ya ishe ni! Satin da ya iso Saratu ta zumuntar matan cocinmu ta are shi, a wurinmu kuwa bin sawun kayan aro rashin kunya ne. Amma yarinyar nan za ta ce in haɗa mata kofi, ba na son ganin fuskarta in ta ji babu.

Sabon Tasha

Keke ya sauke ni bakin kasuwa. Saratu ta tarbe ni da koko da ƙosai, ta yi ta yabon abin, wai wajen kaɗa ƙwai ba shi da na biyu. Sai da na share kofin ta ce ai surukarta, Kaka Laraba ta Kakau, ta karɓi aronsa na kwana biyu. Tun bikin Ista.

Kakau

Bas ɗinmu sai da aka tura shi kafin ya yarda da hanyar Abuja. Na tarar da tsohuwa a gindin murhu, maburgina na kuka cikin tukunyar miyar kuka. Ta ce sai yanzu Turawa suka ƙera abin kirki. Dole na jira miya ta nuna, na ci tuwon masara, kuma gaskiya ko gudaji ɗaya babu. Da za ta miƙo min ta ce, "In za ki dawo da shi, 'yata, ki haɗo da batir."

A shingen hanya ɗan sanda ya zaro shi daga jakata, ya danna, ya zabura da ya ji ƙugi. Da na yi bayani sai ya sassauta murya, wai ko zan ara wa madam ɗinsa.

Gida

Omo, toka, lemun tsami, babu wanda ban sa ba wajen wanke shi. Rifkatu ko takalmi ba ta cire ba ta nemi kofi. Kumfa ta tashi tubarkalla, ni kuwa tun daga kicin nake jin ƙanshin daddawa a ciki. Ta kurɓa, ta sake kurɓa. Sai na ga idonta ya kawo ruwa.

"Mama," ta ce, "akwai sauran miyar?"

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na ɗora tukunya.