Ta'aziyyar Bakaniken Da Ya Hana A Wanke Mini Giyar Mota

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Satumba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran aminin mijina, bakaniken da duk layin gareji ke kira Baba Sannu-Sannu. Ni Yaya nake ce maka, kuma da wannan sunan zan yi maka magana yau.

Da maigidana ya rasu, abin da ya bar mini 'yan biyu ne da wata tsohuwar mota atomatik wadda ta ci hanya har ta gaji. Da ita nake kwasar yaran unguwa zuwa makaranta, da ita muke ci. In ta kwanta, tukunyarmu ta kwanta. Ka fi kowa sanin haka, shi ya sa ba ka taɓa barina na tsaya a layi ba.

Ba zan manta lokacin da giyarta ta fara zamewa ba. In na zo hawan gadar nan ta unguwarmu, inji ya yi ta ihu, mota kuwa kamar an riƙe ta ta baya, yara na ta dariya. Ƙanena, da kyakkyawar niyyarsa, ya ƙara mata ragowar man giyar da ya samu a bayan tasa motar, wanda ba irin nata ba ne. Abu ya ƙara lalacewa, sai ya ce a kai ta a wanke giyar da na'ura, a zuba sabon mai fil. Na biyo ta wajenka don kawai in gaishe ka, na faɗa maka.

Ka zaro sandar awo, ka ɗiga man a kan farin ƙyalle, ka shinshina kamar mai sayen turare. Ja ya kamata ya kasance, sai ga shi ya koma ruwan ƙasa.

"Maman 'yan biyu," ka ce, "in aka wanke ta, da igiya za a dawo miki da ita."

Ka yi mini bayani yadda zan gane. Farantan cikin giya sun cinye, garinsu na yawo a tsohon man, kuma shi ke sa su kama juna. In aka kore shi gaba ɗaya, sai su rasa abin riƙewa. Don haka ka kwance murfin ƙasan giyar, ka tsiyaye iya abin da ya fito da kansa, ka auna shi a galan, ka mayar da sabo daidai wannan awon, irin wanda aka yi motar da shi. Ka ce in je in yi ta aikina, in dawo bayan wani lokaci a sake. Haka muka yi ta yi, tsoho na raguwa, sabo na shiga, har zamewar ta bari. Ƙanena ya ce wannan ai jinya ce ba gyara ba. Ka yi dariya ka ce to ai tsohuwa ce.

Wallahi, Yaya, ka yi mini abin da ba zan iya saka maka ba. Ka koya mini duba man da kaina, inji na aiki, mota a wuri mai daidai. Ka hana ni karɓar ragowar man kowa, ko kyauta ne. In na yi gaggawa ka ce, "Ke dai ba ki da haƙuri, irin mijinki."

Ranar Larabar, na sauke yara ke nan matarka ta kira ni tana kuka, ta ce ƙirjinka ya riƙe. Na garzayo, muka kwantar da kai a kujerar baya, kanka a cinyarta. Na taka mota yadda ban taɓa taka ta ba, ina roƙon Allah kada ta ba ni kunya. Muka hau gadar, ta canja giya sumul. Sai na ji muryarka ƙasa-ƙasa:

"Kin ji? Ba ta zame ba. Kada ki bari kowa ya wanke ta."

Bayan wannan sai kalmar shahada. Mun isa asibiti da ranka, amma kwana ya ƙare.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa, da 'ya'yansa, da abokan sana'arsa, Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. Marigayin ya riƙe marayun abokinsa. Ya Rabbi, Ka riƙe masa nasa.