Ranar da na goya surukina muka tafi neman kaina

Ku mutanen Aliero da kuka san Baba Nomau, kun san ba a yi masa sallama ranar Asabar bayan la'asar. Wanda ya yi ma ya ɓata yawunsa. A lokacin ne gidan rediyon sabuwar jiharmu ta Kebbi ke kawo mawaƙi guda, daga shi sai abin kiɗansa, ya rera waƙar da ya tsara da kansa kai tsaye. Baba zai shimfiɗa wa rediyo buzu a zaure, shi ya zauna a ƙasa. Batirin da ya wuni shanye kan katanga sai a lokacin ake mayar da shi ciki, ana gama shiri kuma a zare shi. Labarai ba ya ji, wai in masu muhimmanci ne za su iske shi har gida. Kaset kuwa ɗumame yake ce masa. Shi dai a bar shi da mawaƙin da zai iya sarƙewa da tari duniya tana ji. In kuma mawaƙi ya ɓata masa rai ba ya kashe rediyon, juya shi yake ya fuskanci bango, mutum ya ƙarasa waƙarsa a can.

An taɓa lodin albasarsa a ƙofar gida, rabi ya shiga mota, lokacin shiri ya yi. Baba ya ce kowa ya aje buhu, hayaniya ta yi yawa.

Direba ya ce, "Baba, Legas za mu, hanya da nisa."

"Legas tana nan inda kab bar ta. Wanga bawan Allah kau in ya ƙare waƙa tai, ya ƙare."

Direba ya zauna kan buhu yana huci. Kafin a kai rabin waƙa shi ne ya roƙi a ƙara sauti.

Ni surukinsa ne, mijin ɗiyarsa Kulu, tela a kasuwar Jega. Allah ya yafe mini kama sunansa da nake yi yau, da ransa ban taɓa ba. Duk Lahadi nakan je gaishe shi, in durƙusa a bakin zaure, ido a ƙasa, ba na tashi sai ya sallame ni. Wata Lahadi wani abokinsa ya tsokane shi, ya ce tunda yana son mawaƙa haka, me ya hana ya ba ɗaya daga cikinsu ɗiya? Baba ya ce, "Mawaƙi cikin akwatin rediyo ni ka son shi. Ran da na gane shi cikin gidana, in amshe ɗiyata." Aka yi dariya, ni ma na yi, har na fi kowa. Ina da gurmi ɓoye ƙarƙashin buhun ƙyallaye, kuma jiyan nan ni ne na yi waƙa a rediyo.

Ciwon waƙa tun ina saurayi yake cina, da aka buɗe wannan fili kuwa na kasa haƙuri. Na je gidan rediyon na ce musu sunana Baƙon Sarandosa, garin da ko hanyarsa ban sani ba, na dai ji sunan ya yi daɗin faɗi. Nakan shaƙe murya in yi waƙa ta hanci don kada a gane ni. Kulu kaɗai ta sani, kuma ta gaya mini in asiri ya tonu kada in sa sunanta. Tsoro nake ji na gaske, don ina son matata, kuma na san tsohon nan ba ya faɗa ya janye. Amma ga wauta, wai kuma ina so in ji ya yabe ni.

Yabon da na samu ke nan. Lahadi ina durƙushe, zai dubi jama'ar zaure ya ce, "Kun jiya wanga na Sarandosa? Hannu nai ya iya gurmi, amma murya awa an matse akuya ga ƙyaure. Tela, kai mi kag gani?"

"Haka na, Baba."

"Kuma sauri shi kai, awa an biyo shi."

"Ƙwarai kau, Baba. Bai da natsuwa."

Haka nake zagin kaina mako-mako, da ladabi. Yakan ƙara da tambayar inda nake zuwa duk Asabar. Na ce Birnin Kebbi, sayen zare. Ya jinjina kai ya ce ikon Allah, mutanen Birni na zuwa Jega sayen zare, ni kuma ina bin sawunsu in sayo shi in maido.

Sai na yi dabara, irin dabarata. Na ce bari in tsara waƙa ta musamman ga manoman albasa na Aliero, in ga ta inda tsoho zai kushe. Na yaba ƙwazonsu, na yaba albasarsu, daɗi ya kwashe ni na rufe da addu'a, Allah ya sauko musu da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ni tela ne, a sanina duk manomi ruwa yake so. Ban tuna ƙarshen rani ne ba, an haƙe albasa tana shanye a fili, kuma ba abin da ke ruɓar da ita kamar ruwan sama.

Da na je Lahadi zauren cike yake, ba mai dariya. Wai jiya duk unguwar a tare suka ce ba amin ba. Ranar Talata kuma hadari ya haɗu ta gabas, har aka yi yayyafi. Laraba da safe sai ga Baba a shagona da sandarsa, mutumin da bai taɓa taka inda nake ɗinki ba.

"Tela, tada babur. Sarandosa za mu. Sai wanga mutum ya janye addu'a tai."

Ku da kuka san kunyar surukai, ku auna. Na goya shi a baya, ya riƙe kafaɗata, muka bi ta Maiyama muna tambayar hanya. Da muka isa shi bai sauka ba. Ni ya riƙa turawa. Na tambayi mai shayi, na tambayi mahauci, na tambayi mata a bakin rijiya ko sun san wani mai gurmi da ke waƙa a rediyo. Wata tsohuwa ta ce su ma nemansa suke, ya ja wa garinsu zagi. Ta tambaye ni kamanninsa. Na ce ban taɓa ganinsa ba, amma an ce dogo ne fari. Ni gajere ne baƙi, kamar yadda kuka sani.

Da muka gaji, Baba ya sauka a gindin wata bishiya, ya ba ni baya, ya ɗaga murya yana magana da iska. Ya ce duk wanda ya san mutumin nan ya gaya masa albasa rana take so yanzu, kuma wanda bai taɓa riƙe fartanya ba ya riƙa tambaya kafin ya yi wa manomi addu'a. Ya hau babur muka juyo. Asabar na koma rediyo na yi baiti uku ina roƙon rana, na ba Aliero haƙuri. Ranar Lahadi Baba ya ce wa jama'a, "Kun gani? Da ba mu tahi ba, da saƙo bai kai ba." Ni kuwa na koma gida ina gaya wa Kulu yadda na sha da ƙyar, ina yaba wayona. Ta dube ni kawai ta ci gaba da tankaɗe.

Shekara biyu bayan haka ciwo ya kwantar da shi. Na shiga ɗakinsa, karo na farko a rayuwata, na durƙusa nesa da gado. Ya rame ƙwarai. Ya sa kowa ya fita, ya juya fuska gefe kamar yadda ya saba in zai yi mini magana.

"Tela, in ka koma sayen zare, ko za ka gamu da wanga na Sarandosa?"

Na ce, "Mai yiwuwa, Baba."

"Ka ce mai shi bar matse hanci. Muryar da Allah ya ba shi ta hi daɗi, na sha jin ta bayan katanga in na zaka ganin jikokina. Ka ce mai ban taɓa kuskure ranar waƙa tai ba." Ya maida numfashi. "Kuma ka ce mai na gode. Ya riƙa min ɗiya da mutunci."

Na so in ce wani abu, kunya da kuka suka tare ni. Abin da na iya fitarwa kawai shi ne, "Za shi ji, Baba." Ya ce in tashi, ya sallame ni. Kwana huɗu bayan nan ya cika.

Ya san komai, ya bar ni da wayona don kada in rasa fuskar da zan riƙa zuwa gaishe shi da ita. Ina kewarsa ƙwarai. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya rufa masa asiri a can kamar yadda ya rufa mini nawa a nan.