Zoben da Ya Fito daga Rijiya

Har yau ba na ɗaukar alƙalami in sa hannu a kan littafi ban tuna da ranar da Malam Lawali ya tsayar da injinsa na buga littattafai a Saint-Fons, kusa da Lyon, ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna yi mini dariya don ina karanta kowane littafi sau biyu. To, ga dalili.

A lokacin watana biyar a wani ƙaramin kamfanin wallafa littattafai a Paris, ina mai gyaran rubutu, ƙarama a cikin ma'aikata. Aikin gwaji ne na wata shida. In an tabbatar da ni, in kai takarda ofishin gwamnati da ke Bobigny a sauya mini izinin zama daga na ɗaliba zuwa na ma'aikaciya. In ba a tabbatar ba, in haɗa kayana in koma Maraɗi, in bayyana wa mahaifina abin da na yi da shekarun karatuna.

Littafin da aka ba ni labarin soyayya ne na zamanin da, lokacin sulke da garuruwa masu ganuwa. Wata bazawara ce ta gaji gari daga mijinta, maƙwabta suka sa wa garin ido. Maza biyu suka fito nemanta. Ɗaya maƙwabcinta ne mai dakaru, wanda in ta aure shi ba mai taɓa garin. Ɗayan magini ne mai gyaran ganuwa, ba shi da komai sai kayan aikinsa, kuma shi take so. Abin da ban sani ba shi ne, marubuciyar ta fara aurar da ita ga mai dakaru, daga baya ta sake shawara ta rubuta sabon ƙarshe. Duka biyun suna cikin kwamfutar ofis, kuma tsohon aka ɗauko aka jera.

Ga yadda aka koya mana aiki. Mai gyara ba ya bin labari, don in labari ya ja ka idonka sai ya tsallake kuskure. Daga ƙarshe muke farowa mu nufi farko, layi-layi, da farar takarda muna rufe sauran shafin. Haka na yi, kuma na yi shi da kyau, ko waƙafi bai kuɓuce mini ba. In an gama sai a sa hannu a takardar da ake kira bon à tirer, wato a buga. Daga nan duk abin da ya fito, na wanda ya sa hannu ne. Shugabar sashenmu ta yi tafiya, ta ce in sa. Na sa, ina jin kaina wata babba.

Bayan kwana uku, da hantsi, waya ta buga. Malam Lawali ne, shugaban masu inji a maɗaba'ar da ke buga mana littattafai, dattijo mutumin Tahoua. Ban taɓa ganinsa ba, amma tun ranar da ya ji sunana a waya ya daina yi mini Faransanci.

"Ɗiyata, ina kwana, ina sanyi? Ke kinka sa hannu ga littafin ga na bazawara?"

"Ni ce, Baba. Lafiya dai?"

"Na tsai da mashin. Shiga jirgin ƙasa na TGV ki taho."

Tsayar da inji ba ƙaramin abu ba ne, ayyukan wasu na jira a layi, kuma ba hurumin mai inji ba ne ya duba abin da littafi ya ce. Nan take na kama jirgi daga Paris zuwa Lyon.

Na same shi da shuɗiyar rigar aiki, manajansa na tsaye a gefe ya cika ya batse. Shafi goma sha shida ake bugawa a kan babban falle ɗaya, daga baya a ninke a ɗinke. Ashe al'adar Malam ce, duk fallen da ya fara fitowa da kyau sai ya ninke shi ya sa aljihu, ya karanta lokacin cin abinci. Na ƙarshen ne bai iya jira ba, ya karanta shi a tsaye. Ya shimfiɗa mini falle biyu a kan tebur.

"Karanta nan. Ta jefa zoben mai dakaru cikin rijiya, gaban mutanen gari duka. To, karanta nan." Ya ɗora yatsa a babin ƙarshe. Ga ta ana ɗaura mata aure da mai dakaru, zoben na hannunta. "Ke da kinka yi boko, gaya mini, wa ya shiga rijiyar ya ɗauko mata?"

Layin nan na bi shi harafi-harafi, amma ban san abin da ya ce ba. Kunya ta rufe ni har na fara hawaye.

Manajan ya ce masa da Faransanci, an ɗauke shi ne ya buga, ba ya yi karatu ba, kuma an riga an sa hannu. Malam ya amsa a hankali cewa a rubuta shi ne ya tsayar, zai ɗauki laifin, amma a kira mai littafin tukuna. Muka kira ta. Na karanta mata layi uku kawai, ta yi salati irin nasu, ta ce wannan babin ta jefar da shi tun bara. Kafin la'asar an turo na gaskiya, na zauna a ofishin manajan na karanta shi daga farko zuwa ƙarshe, sannan daga ƙarshe zuwa farko. Falle ɗaya kawai aka sake, tunda ba a kai ga ɗinki ba.

Da zan tafi na kasa haƙuri, na ce, "Baba, da zoben nan bai nuna ba fa?"

"Da na tsai da shi duk da haka. Macen ga ba ta yin hakanan."

"Ya aka yi ka sani?"

Ya yi dariya yana goge tawada a hannunsa. "Hajiyarki, uwargidana, ta bar mai motoci uku ta bi ni, ina da keke ko birki babu. Shekara talatin ina zaune da irinta, ɗiyata. Na san su."

Da shugabata ta dawo na gaya mata komai, ban rage ba, ina jiran a nuna mini ƙofa. Ta ce Malam ya riga ni. Ya kira ta ya ce yarinyar ta zo da kanta, ba ta ɗora wa kowa ba, kuma mai gyaran da ya taɓa shan irin wannan kunya ba ya sake shanta. Ƙarshen wata aka ba ni takardar da na kai Bobigny.

Abin da na koya ke nan. A aikinmu kowa na riƙe da guntunsa yana cewa sauran ba nasa ba ne, har littafi ya wuce hannu goma ba wanda ya karanta shi. Ni mai digiri na duba kowane harafi, mai inji kuwa shi ya damu da matar da ke ciki. Shi ya sa nake karatu biyu. Na farko nawa ne, na biyun na Malam Lawali, Allah ya jiƙansa.