Tsohon da Na Zata Mai Taya Ne

Ranar da aka kai ni gidan da nake aiki a unguwar Shisha a Makka, 'yar mai gidan ce ta tarbe ni. A Makka aka haife ta, Hausarta guntu-guntu ce, inda ta ƙare sai ta cike da Larabci. Ta nuna mini mahaifinta a kan keken marasa lafiya, dogon tsoho, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, ta ce, "Babana da tayyar ne." Ni dai taya na ji. Na ce a raina Allah sarki, ashe mai sayar da taya ne irin na bakin tasha. Har na kai wa gwaggona labari a unguwar Mansur, inda nake kwana.

Aikin ba wuya. In ba shi abinci da magani, in kawo masa shayi bayan la'asar. Hausarsa ta fi ta 'yarsa nisa, don a bakin kakarsa ya koya, wadda ta zo hajji a ƙafa ba ta koma ba. Ina ce masa Baba, shi kuma yana ce mini jikanya.

Akwai abin da ban gaya musu ba. Kafin in zo Makka, wata ranar kasuwar garinmu jirgin yaƙi ya zo ya saki bam. Ina wajen masu niƙa, yayata tana can rumfar masu manja. Ni na koma gida, ita ba ta koma ba. Tun daga nan ko babur ya yi ƙara sai in nemi wurin ɓuya. Abin da ya fara kwantar mini da hankali a Makka shi ne samanta. In na ɗaga kai, tattabaru kawai nake gani.

A kwana na huɗu na shigo falo da tiren shayi, talabijin a kunne. Ban ma dubi hoton ba, ƙarar ce ta same ni, wannan da take farawa siririya sannan ta tsaga kunne. Ban san lokacin da na saki tiren ba. Na dai tsinci kaina a bayan kujera, na dafe kai, ina kiran sunan yayata. Shayin ya zubo mini a ƙafa, sai daga baya na ji zafinsa.

'Yar ta ɗaga ni, ta shafa mini magani, ba ta yi faɗa ba. Amma a kicin ta faɗa mini gaskiya. Shirin nan na jiragen yaƙi da tsofaffin matuƙansu, kullum bayan la'asar yake kallonsa, shi kaɗai ya rage masa, kuma dole wani ya zauna kusa da shi saboda yakan sarƙe. In ba zan iya ba, sai su nemi wata. Iƙamata, wato takardar zamana, da sunan gidan aka yi ta. In na bar su, garinmu zan koma, in riƙa wucewa ta gaban rumfar nan.

Washegari na kawo shayin. Talabijin a kashe.

"Jikanya, zauna," in ji Baba. "Jiya kin yi mini asarar kofi. Wa ya kore ki?"

"Ba kowa, Baba."

"Ba kowa ba ya sa mutum bayan kujera."

Sai na ce, "To kai Baba, me ya haɗa mai taya da kallon jirage?"

"Mai me?"

"Mai taya. An ce taya kake sayarwa da."

Ya yi dariya da rabin bakinsa har ya sarƙe, na ba shi ruwa. "Tayyar, jikanya. Matuƙin jirgi. Irin na jiya na tuƙa tun ban ajiye gemu ba. Oh, ni yau na zama mai faci."

Ni ban yi dariya ba. Na dubi hannunsa na dama, wanda nake wanke masa kafin cin abinci, na ji kamar in tashi. Ya lura. Ya bar dariyar ya ce in gaya masa. Na gaya masa duka, har manjan da aka aike ta saya.

Sannan ya yi wa yayata addu'a, ya tambayi sunanta ya sa a ciki. Ya ce, "A can sama numfashina kawai nake ji a kunne. Na san ƙarar a filin jirgi, amma ban taɓa jin ta a kasuwa ba." Ya ƙara da cewa, "Abu ɗaya zan gaya miki, aikina ne na sani. In jirgin yana gudu sosai, ƙarar a bayansa take. In kin ji ta, ya riga ya wuce ki."

Na ce, "Ni ya wuce, Baba. Ita bai wuce ta ba."

"Haka ne," ya ce. Bai ƙara komai a kai ba, kuma don wannan shirun na zauna.

Ya turo mini rimot da hannunsa mai lafiya. Ya ce daga yau rimot ɗin a wurina zai zauna, in kashe muryar gaba ɗaya, shi zai riƙa yi mini bayani, dama masu shirin ba su san rabin abin ba. Haka muka kalla ranar. Jirage suna tashi shiru kamar kifi a ruwa, wani tsoho fari yana share hawaye a gaban wani jirgi da ya yi tsatsa. Baba ya ce, "Kin ga wancan? Abokansa yake ƙirgawa. Ba sai na ji muryarsa ba."

Yau wata biyar ke nan. Ƙafata ta warke, tabon yana nan. Har yanzu in aka buga ƙofa da ƙarfi sai na zabura. Rimot yana hannuna kullum bayan la'asar, kuma bai taɓa cewa in ƙara murya ba. Makon jiya ni da kaina na ɗaga ta zuwa biyu, yatsana a kan maɓallin kashewa. Baba bai juyo ba. Ya ce, "Jikanya, miƙo wa mai taya shayinsa."