Kwandon Dankali Daga Gonar Surukai

Da muna yara a ƙauyenmu na ƙasar Kano, in an idar da magariba, Kaka Ladi takan tura kara a murhu, ta zauna a kan kifaffen turmi. Ba ta dariya in tana tatsuniya. Ta ce, "Ga wata nan ta taso." Mu ce, "Ta ƙaraso mu ji."

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta wa da ƙane da suka gaji fako, ƙasar da fartanya ke tsalle a kanta. Gadu, aladen nan na daji, ya riƙa shigowa yana tono da hanci. Wan ya kewaye rabonsa da ƙaya. Ƙanen ya bar shi, amma da dabara: kwana bakwai a wannan kusurwa, ya kora shi gaba, don in ya daɗe wuri ɗaya rami zai bari. Gadun ya tone, ya zuba kashi, ƙasa ta yi laushi. Damina ta faɗi, geron ƙane ya fi mutum tsawo, na wa ko gwiwa bai kai ba. Ƙanen ya kai masa dami. Wan ya tsaya, 'ya'yansa na kukan yunwa a bayansa, ya ce, "Abin da ya fito daga ƙazanta?"

Nan Kaka take tsayawa. Mu ce, "Kaka, ya karɓa?" Ta ce, "Ku tashi, wuta ta mutu."

Na tsufa, sai ga ni a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Ɗana Sani yana sarin tufafi a unguwar Sanyuanli yana aikawa gida. Ya auri 'yar ƙasar, ta musulunta, muna ce mata Maryam. Da ta haihu na zo ganin jika, aka ce mu je bayan gari mu gaida iyayenta. Sai da muka kusa Sani ya ce, "Hajiya, akwai abin da ban faɗa miki ba. Aladu suke kiwo."

"Sai yanzu, Sani?"

"Da na faɗa, ba ki shiga motar."

Ba a ɗaki suke kulle aladun ba. A fili suke, cikin shingen waya da ake matsarwa duk 'yan kwanaki, inda suka bari kuma a ƙyale shi ya huta kafin a yi shuka. Na ja mayafi na toshe hanci.

Uwar Maryam ta fito da kwandon dankali, ta miƙo mini da hannu biyu. Ban motsa ba. Maryam ta ce ƙasa-ƙasa, "Mama, a nan wanda ya mayar da kyauta ya mayar da zumunci." Sani yana share gumi. Matar nan tana tsaye da kwandon a hannunta.

Na ce a tambaye ta inda aka haƙo shi. Ta nuna wani yanki, tun bara aka ɗauke dabbobin daga nan. Na taka, na duƙa da ƙyar, na damƙo ƙasa. Baƙa ce, mai sanyi, tsutsar tana na motsi a ciki, ba warin komai sai ƙamshin damina. Na dawo na sa hannu biyu na karɓa. Na ce, "Shiye-shiye," godiyarsu ke nan, ita kaɗai na iya.

Haram yana nan haram, naman alade ba zai shiga bakina ba har in koma ga Allah. Amma yanzu na gane Kaka ba labarin gadu take ba mu ba. Labarin mai tsayuwa ne a gaban hannun da ya miƙo alheri, yana neman dalilin ƙi.

Washegari Maryam ta dafa dankalin, ta ajiye mini, ta koma bakin ƙofa tana kallona. Na ce, "Zo ki zauna, 'yata. Ba na cin abinci ana tsaye a kaina."