Abu Mastura, Mai Macizan Bagdadiyya

Ranar Laraba, bakwai ga watan Maris na shekarar 2012, daidai da sha huɗu ga Rabi'us Sani, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Abdulghani ɗan Malam Bawa, wanda mutanen unguwar Karantina suka fi sani da Abu Mastura. Ya rasu a Jidda, garin da aka haife shi shekara hamsin da ɗaya da suka wuce. Mu da shi duk na Allah ne, kuma inda ya tafi can za mu tarar da shi.

Ina wankin mota a unguwar Ruwais matarsa Saudatu ta kira ni. Ba ta yi kuka a wayar ba. Cewa kawai ta yi, "Malam Rafi'u, yayanka halas," wato ya cika. Na ajiye soso na zauna a bakin titi, har mai motar ya fito ya same ni a nan.

Yaya, da ba don maganar da ta bazu a unguwa ba, da ban yi wannan rubutu ba. Tun ba a sa ka a makwancinka ba wasu suke cewa macijinka ne ya sare ka. Ba haka aka yi ba. Ina nan aka yi komai, kuma ina so a san gaskiyar wanda ka kasance.

Na zo umara daga Gusau a azumin 2004, ina malamin firamare, na ƙi komawa kamar yadda da yawanmu suka yi. Wata huɗu bayan nan, wata rana bayan azahar, aka yi samamen marasa iƙama, wato takardar izinin zama, a unguwar Bagdadiyya. Na ruga cikin wani lungu wanda ashe ba ya ɓullewa. Ina tsaye ina kallon bango sai wata ƙofar ƙarfe ta buɗe, wani dogon mutum ya fizgo ni ciki ya rufe. Kai ne. Ɗakin bayan wani shago ne da ake sayar da tsuntsaye da kifin ado, babu taga, kantoci daga ƙasa har sama cike da akwatunan roba. Da idona ya saba da wurin na ga abin da ke motsi a cikinsu, sai na kama hannun ƙofa zan koma waje.

Ka dube ni ka ce, da Hausarka mai gauraye da Larabci, "Yalla, ka zaɓa, ciki ko waje. Amma na ciki ba su taɓa kama kowa ba."

Na zauna a kan bokiti, ƙafafuna a naɗe, har la'asar sakaliya. Ka ba ni shayi da gurasa, ba ka tambaye ni ko sunana ba sai da na ci. Daga ranar, duk lokacin da gari ya yi zafi, ɗakin nan ne mafakata. Akwai lokacin da na yi wata biyu ban leƙa titi ba.

A zaman nan ne na gane cewa kai ma ba ka da takarda. Iyayenka sun zo aikin hajji suka zauna, aka haife ka a gida ba a rubuta ba. Kana ƙarƙashin iƙamar mahaifinka har kafilinsa, wanda ya tsaya masa a ƙasar, ya rasu, mahaifin naka ma ya bi bayansa a shekarar, magana ta watse. Ka yi ta zarya shekara da shekaru, nan a ce ba ɗan ƙasa ba ne, can a ce ka kawo shaidar cewa kai ɗan Nijeriya ne, ƙasar da ba ka taɓa gani ba. Daga ƙarshe ka daina zuwa. Duniyarka ta koma hanya ɗaya: daga Karantina zuwa Bagdadiyya ta lungunan da ka haddace, daga Bagdadiyya zuwa Karantina. Makka ba ta fi tafiyar awa guda ba, amma saboda shingen bincike na kan hanya, rabonka da ganin Ka'aba tun kana saurayi. Sau ɗaya ka faɗa mini wannan, ba ka ƙara ba.

Macizan kuwa mai shagon ne ya fara shigo da su daga Amurka, don wasu 'ya'yan masu hali sun fara sha'awar ajiye su a gida. Ƙanana ne, ba su fi tsawon hannu ba, masu kauri da zane-zane kalar ƙasa, hancinsu a ɗage sama kamar bakin shebur, da shi suke tona ƙasa su ɓuya. Sunan da suka zo da shi yana nufin mai hancin alade. Ka ce ba za ka kira halittar Allah mai tsabta da wannan suna ba, sai ka raɗa musu abu khashm, wato mai hanci. Duk ma'aikatan shagon suka ƙi taɓa su, aka bar maka.

Kai ka cire mini tsoronsu. Ka nuna mini yadda idan ɗayansu ya firgita yake baje wuya kamar gamsheƙa, ya yi huci mai ƙarfi, ya kai sara, amma bakinsa a rufe, da hanci kawai yake dungurin mutum. Idan hakan bai kore ka ba sai ya yi ta murɗawa, ya kife cikinsa sama, ya buɗe baki, harshe a waje, ya saki wari, ya zama gawa. In ka juya shi daidai sai ya sake kifewa. Ranar da na fara gani na yi dariya har da hawaye. Ba ka hana ni ba, amma da na gama ka ce in lura da cewa duk wannan tsoro ne, kuma wanda aka kai shi ga haka yakan yi mako bai ci abinci ba. Ka san kowannensu da halinsa. Ka san wadda idonta ya yi hazo za ta yi saɓa, a bar ta. Ka san namijin da ke ƙin abinci ba don ciwo ba. Sau ɗaya tak na ga sun cije ka, hannunka ya kumbura kwana biyu, ka ce laifinka ne, ka taɓa ɓera ba ka wanke hannu ba.

Ba zan manta ranar da wani matashi ya zo da abokansa uku ba, ya ce a fito masa da ɗaya a tsokane shi har ya yi mutuwar ƙaryar, su ɗauka a waya. Ka ce a'a. Ya ɗaga murya, ka sake cewa a'a. Sai ya matso ya tambaye ka ina iƙamarka. Ina bayan labule ina ji, na san waya ɗaya za ta ishe mu mu biyun. Sai ka mayar da akwatin kan kanta, ka tsaya a gabansa hannuwanka a baya. Allah Ya sa abokansa suka ja shi suka fita. Mai shago ya yi maka faɗa sosai. Kwana uku muna jiran a zo a ƙwanƙwasa ƙofar, ba a zo ba. Da na ce maka ka yi ganganci, ka amsa cewa ka sani.

Shekara uku kana haɗa namiji da mace ba su ba ka ƙwai mai rai ko ɗaya ba, abin yana damunka. Wata rana na ga wasu takardun Turanci da suka zo cikin kwalin kaya, kana shirin shimfiɗa su a ƙasan kejin aku. Na karanta maka. Ashe a ƙasarsu sai sun yi kwanciyar sanyi ta wata biyu ko uku, ba ci, kafin su hayayyafa, Jidda kuwa ba ta san sanyi ba. Ka yi tagumi, washegari ka shigo da wani tsohon firjin lemo da aka jefar a bayan wani kanti. Ka huda shi don iska, ka yi mako biyu kana gwada shi da ma'aunin zafi kafin ka yarda ka sa rai a ciki. Ranar da ka rufe ƙofarsa a kan huɗu daga cikinsu, sai da ka yi musu addu'a.

Bayan sun fito da 'yan watanni mace ɗaya ta saka ƙwai goma sha ɗaya. Ka jera su cikin danshi, kana dubawa safe da yamma kusan wata biyu. Tara suka ƙyanƙyashe, kowanne bai fi fensir ba, kuma tun ranar farko suna baje wuya suna huci. Ka aika gida aka kawo Mastura, 'yarka tilo, ta gani. Sai kuma jariran suka ƙi cin ɓera, saboda abincinsu na asali kwaɗi ne. Ka gwada wannan ka gwada wancan, har ka gano cewa idan ka tsoma jaririn ɓera cikin ruwan kifin gwangwani suna karɓa. Bakwai suka rayu.

Daga nan sunanka ya fita. Ana zuwa daga Riyad da Dammam a ce a kira baƙin nan na ɗakin baya. Wani attajiri daga Kuwait ya zauna da kai awa biyu, ya ce ka zo ka riƙe masa nasa, zai ba ka gida, ya sa 'yarka a makaranta. Ya ce ka kawo fasfo kawai. Ka yi masa godiya, ka ce za ka yi shawara. Da ya tafi ka ɗauko kwali ka huda masa ƙofofin iska, ka shirya macizai shida da ya saya, ka liƙa takardunsu na fita a kai. Ranar ba ka ci abincin rana ba.

A unguwa kuwa ba a taɓa fahimtar sana'arka ba. Wasu sun ce tsafi ne. Akwai gidajen da suka daina karɓar abinci daga hannun Saudatu. Ka sani, ba ka fasa gaishe su ba, kuma duk gidan da aka ga maciji a bayan tulu ko cikin tarkace, kai ake kira, ka je ka fitar ba ka karɓi komai ba.

Ga yadda ajalinka ya faro. A ambaliyar watan Janairun bara, ruwa ya cika titunan Bagdadiyya da rana tsaka, wuta ta ɗauke, kowa ya gudu daga shagon. Ni ina Ruwais ruwa ya tare ni. Kai kaɗai ka yi ta ɗaukar akwatunan bibbiyu kana hawa da su bene, ruwa yana kai maka ƙugu, har ka kwashe arba'in da uku, har da na cikin firji. Ba ka rasa ko ɗaya ba. A cikin ruwan ne wani ƙarfe ya yanke ka a tafin ƙafa. Kana da ciwon suga, ciwon ya ƙi warkewa. Mun roƙe ka ka je asibiti, ka ce abu na farko da za a tambaya a bakin ƙofa ba ƙafar ba ce, kuma in aka tsare ka ba a san ma ƙasar da za a kai ka ba, wa zai riƙe Saudatu da Mastura. Ka yi ta sayen magani a kanti kana ɗaurewa da kanka. Wata goma sha uku kana jan ƙafar nan ta lunguna zuwa wurin aiki. Sai da ka faɗi a ɗakin baya mai shago ya sa ka a motarsa. Kwana huɗu ka yi a asibiti.

Yaya, a kwana huɗun nan ban shigo na gan ka ba. Kullum ina zuwa in tsaya a tsallaken titi ina kallon ƙofa, ina ganin mai gadi yana duba takardun mutane, sai in kasa tsallakawa. Kai da ka buɗe mini ƙofa ba ka san ni ba. Saudatu ta ce ka tambaye ni, da ta faɗa maka inda nake tsaye sai ka ce, "Ki ce masa kada ya shigo. Na yafe." Ka yafe, amma ni har yanzu ban samu natsuwa ba.

Gawarka ta yi kwana goma sha ɗaya a ɗakin ajiya, don ba a ba da izinin binne wanda ba a san shi a rubuce ba. Dattawan unguwa suka yi ta kai da kawo, daga ƙarshe mai shago ya je ya tsaya maka ya sa hannu, Allah Ya saka masa. Mun yi maka salla bayan la'asar. Sahu uku ne, kuma na ga fuskokin wasu da suka daɗe ba su amsa sallamarka da kyau ba, suna kuka.

Ina da roƙo guda ga duk wanda wannan rubutu ya isa hannunsa a gida. Bayan addu'ar bakwai, Saudatu ta nuna mini wata tsohuwar wasiƙar ajami da ta samu cikin kayan surukinta. A ciki an ambaci wani ƙanin Malam Bawa mai suna Yahya, maƙeri, a ƙasar Gumel. Mastura shekararta sha tara, ita ma a gida aka haife ta, ba ta da takardar kowace ƙasa. Idan akwai wanda ya san zuriyar wannan bawan Allah, ya taimaka ya sada mu da su. Mutum biyu da za su tsaya su ce yarinyar nan jininsu ce, wataƙila su ishe ta ta samu fasfo.

Allah Ya jiƙan Abdulghani ɗan Malam Bawa, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Allah Ya yalwata masa kabarinsa, Ya haskaka shi, Ya saka masa da tausayin da ya nuna wa mutane da dabbobi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Saudatu da Mastura, da maƙwabtansa na Karantina, da danginsa na Gumel waɗanda ba su san an haife shi ba, balle su ji ya rasu. Allah Ya ba mu haƙuri, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Rafi'u Husaini Gusau
Jidda